Kwana Tara Ba Gaisuwa

Ina koyarwa a lakwal ɗin firamare ta Dungas lokacin da na yi rajistar kwankur, wato jarrabawar gasa, na zama malamin Ingilishi a kwaleji. Shekaruna sun kai iyakar da doka ta sa. In na faɗi a wannan karo, shi ke nan.

Jarrabawar kashi uku ce: rubutu, karatu, saurare. Biyun farko na iya. Na ukun shi ne ciwona. Za a kunna kaset, Turawa biyu suna hira, sau ɗaya tak, sannan a yi tambayoyi.

Na aro manyeto, wato rikoda, da kaset guda daga wani malami a Magariya. Na tsara aikina: bayan la'asar in kunna, in saurara, in amsa, in duba takardar amsoshi. Kullum tambayoyin ƙarshe daidai, na farko kuskure. Mako uku haka. Na sake pil, wato batir, na rufe taga, na wanke kunnuwana da ruwan ɗumi. Abinci ya daina shiga mini.

Saura kwana tara, matata tana tsince wake a bakin ƙofa ta ce, "Malam, me ya sa sai sun yi nisa kake ɗaukar bik ka fara rubutu?"

Na ce, "Gaisawa suke tukuna."

"Gaisawa? Ni ban san yarensu ba, amma matar nan tun buɗe bakinta faɗa take. Ko haka ake gaida miji a can? In koya?"

Na mayar da kaset baya. Gaskiyarta. Tun numfashin farko matar ta faɗi inda suke da abin da ya ɓata. Ni kuwa kunnena ya saba hutawa a farkon kowace magana, sai an gama ina kwana, ina gajiya, ina gida, sannan ya farka.

A ranar na kafa doka. Na farko, ba mai gaishe ni a gidan. Na biyu, mai magana ya fara da buƙatarsa. Na uku, in maimaita kalmominsa na farko. Matata ta bi dokar tana dariya. Ni ban yi dariya ba.

Rana ta shida baffana ya zo daga Yekuwa a amalanke. Ya yi sallama, na amsa, bakina ya riga hankalina: "Baffa, me ke tafe da kai?"

Ya dube ni, ya dubi manyeton. "Ɗan nan, wannan akwatin ne ya haife ka?" Ko ruwa bai sha ba ya juya. Na san ya kamata in bi shi. Na koma ɗaki na kunna kaset.

A Damagaram, mai tsaron jarrabawa ya ɗora yatsa kan maɓallin manyeto ya danna. Wani namiji a kaset ya ce jirgin ƙasa ya tafi ya bar su. Na ji shi duka, na rubuta.

Sakamako ya fito bayan girbi. Sunana ne na ƙarshe a jerin waɗanda suka ci.