Tonton Lawali da Awa Ashirin da Huɗu

Duk wanda ya taɓa shiga gidan kawuna Tonton Lawali a unguwar Minguettes, can ƙasar waje, ya san baƙin alƙalamin nan da ke maƙale a aljihun rigarsa. Ba abin da ke shiga frigo ɗinsa, wato firji, sai ya rubuta masa rana da awa: miyar kuka, fura, kilishin da aka aiko daga Damagaram. Wata rana na tarar ya rubuta wa kankana kwanan wata a jikin ɓawo. Na ce, "Tonton, har kankana?" Ya ce, "Ita wa ce da za ta fi ƙarfin doka?"

Daga wurin aiki ya kwaso ciwon. Shi ke riƙe da ɗakin sanyi a masana'antar da ake rufe 'yan ƙananan ƙwaƙwalen lantarkin nan na cikin waya da mota. Abin rufin, rezin, wasu baƙaƙen dunƙulaye ne kamar daddawa, a sanyi suke zama. In an fito da su, dole su yi awa ashirin da huɗu cikin ledarsu a rufe. Ka buɗe da wuri, raɓa ta sauka a kansu, in an narka su a injin sai su yi ramuka a ciki. Tonton ya riƙe wannan doka kamar da ita aka haife shi.

Kai, har mutane yake yi wa! Ƙanensa ya sauko daga jirgi ɗauke da saƙonnin gida, bakinsa na ƙaiƙayi. Tonton ya ɗaga hannu. "Yanzu ka fito daga sanyi. Ba a buɗe ka yau." Bawan Allah ya kwana da labarin haihuwar tagwaye a ciki. Matarsa, Tanti Rabi, ta ce ita ta saba, ko "me za a dafa?" ta tambaya, sai gobe take jin amsa.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, kuma ina wurin ranar da abin ya daina zama abin dariya. Watana uku da fara aikin injiniya a masana'antar, shi kuwa saura shekara biyu ya yi ritaya. Wani kaya na masu ƙera mota ya makara, daraktan kamfanin ya taso takanas daga Paris. Rezin ɗin awa tara kacal da fitowa. Darakta ya ce a buɗe. Tonton ya duba agogo, ya je ya zauna daram a kan kwalin rezin ɗin.

"Monsieur Lawali, ko ka tashi, ko ka ajiye makullin ɗakin sanyi."

"Saura awa goma sha biyar, Monsieur."

Darakta ya juyo kaina, wai ni ce injiniya, in yi wa kawuna magana. Na ce da Hausa, "Tonton, don Allah, aikinka fa." Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, wannan abu cikin birkin motar wani za shi. Kin san wa zai hau motar? Ni ban sani ba. Voilà."

Kunya ta kama ni, na ƙi sa hannu a takardar izinin buɗewa. Aka karɓe makullinsa, aka ce ya je gida sai an neme shi. Ya fita da alƙalaminsa, ko waiwaye. Darakta ya sa aka buɗe kwali ɗaya. Da aka haska abin da ya fito a na'ura, ramuka ne birjik, duk aka zubar. Sauran kwalayen da suka cika awanninsu suka ceci kayan.

Darakta da kansa ya kira shi a waya, wai ya dawo. Tanti Rabi ta ce tana kusa lokacin, ta ji komai. Tonton ya ce, "Bon, zan zo. Amma jiya da zafi na fito, ban gama hucewa ba. Sai gobe." Ya ajiye waya ya ci gaba da shan shayinsa. Har ya yi ritaya ba wanda ya sake taɓa masa leda, kuma ni tun ranar nake tafiya a masana'antar nan kaina a ɗage.

Da ya rasu bara, tsohon daraktan ya hawo jirgin ƙasa ya zo gaisuwa. Ya cire takalmi, sai ya fito da Hausar da ya iya kaf a duniya: "Awa asirin da udu." Tanti Rabi ta yi dariya har ta koma kuka.

Da baƙi suka watse na buɗe frigo in ajiye sauran abinci. Ga robar miya da rubutunsa a murfi, rana da awa, kwana biyu kafin ya cika. Murfin yana wurina, ban wanke ba.

Allah ya jiƙan Tonton Lawali, ya sanyaya masa makwanci. Yadda ya tsare amanar mutanen da bai taɓa gani ba, Allah ya tsare shi. Amin.