Kaskon Turaren da Ba Ya Hayaƙi

Shekarar da muka koma wani bene a Bron, wani gari a gefen birnin Lyon, turaren wuta ya kusa sa a kore mu. Kowane gida a nan yana da wani ɗan farin abu manne a silin, da ya ji hayaƙi sai ya fasa ihu, matanmu suna kiransa ɗan gulma. Wata Juma'a matata ta hura gawayi a kasko, ta zuba turare, ta rufe ƙofar falo. Ɗan gulma ya tayar da bene gaba ɗaya. Tsohuwar da ke ƙasanmu ta kira 'yan kwana-kwana, suka zo suka tarar da matata tana kaɗa zane sama tana kuka. Masu gidan suka aiko mana da gargaɗi.

Ni lantarki na karanta, a jami'ar nan ta Bron, wadda tram, ɗan jirgin ƙasan nan na cikin gari, ke wucewa ta ƙofarta. Amma abin da nake ci da shi ɗaukar kaya ne a wani katafaren sito bayan gari, inda ake ɗaukarmu aikin wucin gadi mako-mako. Wuni nake yi ina tura na'urorin da wasu suka ƙera, ina karanta bayan kwalinsu ina ƙwafa, don na san rabinsu zan iya yin wanda ya fi su. Abin yana cin raina ƙwarai. A gida Maraɗi injiniya ake ce mini, ban kuma taɓa gyara wa kowa zancen ba.

Ranar da na ga matata ta wanke kaskonta ta tura shi can ƙarshen kabad, sai tunani ya zo mini: kaskon lantarki, wanda zai fitar da ƙamshi ba tare da ya ƙona komai ba. Na ƙwace rabin teburin kicin. Duk Asabar da Lahadi ina kansa da ƙarfen narka dalma, da wayoyi, da ɗan farantin da ke yin zafi, da abin auna zafin. Na farko ya narke ya cika gidan da warin roba. Na biyu ya babbaka turaren, don ban san ashe da sukari ake haɗa shi ba, sukarin kuwa da zafi ya wuce misali sai ya ƙone ya yi baƙi. Na yi ta rage zafin kaɗan-kaɗan, har na gano daidai inda man turaren ke sakin ƙamshinsa itacen kuma bai kama ba. Na sa masa maɓallin murɗawa, na sa ya riƙa kashe kansa in an manta da shi. Jikinsa kuwa 'yar tukunyar shuka fure ce ta yumɓu, na huda ta na shafe ta da fenti.

Na kunna shi a ƙarƙashin ɗan gulma, na tsaya ina jira. Shiru. Ƙamshi ya bi falon a hankali. Na kira matata, ta zo ta shaƙa, ta dube ni ta ce, "Masha Allah, Malam, ya yi kyau." Ban nemi ƙarin bayani ba.

A cikin watannin nan ne shugabanmu na sito ya kira ni ofis ya ce za su ba ni aiki na dindindin. Mutane shekaru suke yi suna jiran wannan kiran. Na yi masa godiya na ce a'a, ina da abin da nake shirin farawa. Na fito ina jin kaina wani babba. Da na gaya wa matata ta daɗe tana goge tukunya ɗaya, sannan ta ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri.

Sai maganar kwali. Zaman sito ya koya mini cewa mai saye kwali yake fara taɓawa kafin kaya, don haka na rantse nawa ba zai fita a leda ba. Na samo kwali mai kauri, baƙi, na koyi yanka shi da naɗe shi har gefensa ya daina tsagewa. Na sa masa maganaɗisu a murfi yadda zai rufe da kansa, na yanka soso daidai zaman kaskon, na buga zanen bangon gidajen Damagaram da ruwan zinariya. A saman murfin na rubuta da manyan baƙaƙe, da Faransanci da Hausa: ba gawayi, ba hayaƙi. Matata ta fi ni hannu wajen naɗewa, ita ta yi mafi yawansu. Kwalaye suka taru a bayan ƙofa har suka kai tsayin kafaɗata.

Na cika manyan jakunkuna biyu na hau bas zuwa Paris. A unguwar Barbès akwai wani Alhaji ɗan garinmu mai shagon wayoyi, daidai inda jirgin metro ke wucewa ta sama yana girgiza gilasai. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya jujjuya kwalin a hannu bai ko buɗe ba. Ya ce, "Bon, wannan sha'anin mata ne, ni mi na sani cikin turare? Tafi unguwar Clichy-sous-Bois wajen Hajiya, ita ke saida ma matan Paris duka. In ta ce i, ka gama." Ya buga mata waya a gabana.

Na'urar hawa ta benen Hajiya ta lalace, da ƙafa na hau da jakunkunan. Tun daga matakala nake jin ƙamshi. Da aka buɗe mini ƙofa hayaƙi ne ya fara tarbata, mata uku zaune a kan kafet suna ɗura turare a kwalabe. Na ɗaga kai don in ga yadda ɗan gulmansu ya yi shiru. Safa aka sa masa, an ɗaure da roba. Gabana ya faɗi, amma na riga na zo.

Hajiya dattijuwa ce 'yar Tawa, mai fara'a. Ta sa aka kawo mini ruwa da dabino, ta sa aka buɗe taga don a ji nawa da kyau, ta ba ni turarenta mafi tsada na zuba. Na jona, na murɗa, muka zauna muna kallon tukunyar fure. Can ta ce, "Ɗana, bai kama ba har yanzu?"

Na ce, "Ya kama tun ɗazu, Hajiya. Ba ki ji ƙamshin ba?"

"Na ji. To ina hayaƙin?"

Na nuna mata rubutun murfin, na fara bayanin zafi da sukari. Ta saurare ni har na ƙare, sannan ta jawo kabbasa, kwandon nan da ake kifawa a kan kasko a shimfiɗa tufafi. Ta kifa shi a kan nawa, ta rufa mayafi. Bayan wani lokaci ta ɗauke ta miƙo mini. Ƙamshin sama-sama ne, kafin in kai shi hanci sau biyu ya gudu. Ta ce, "Ka gani? In ƙamshi kaɗai muke so, ai ga na kwalba sai mu fesa. Hayaƙin shi ka shiga zare, shi ka shiga gashi, mace ta wanke zane har yanzu shina nan. Abin ga naka na masu asma ne." Matan suka yi dariya, ba ta mugunta ba, wannan ma ya fi ciwo.

Ina tattara wayata sai na ga tana buɗe murfin kwalin tana sake shi yana rufe kansa. Ta ce, "Amma kartonan ga, wa ya yi maka su? Wallahi ban taɓa ganin masu kyau haka ba. Kwalbata za ta zauna daidai cikin soson. Ka bar min su duka, rubutun sai in manna takardata a kai."

Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Amma tsarar mahaifiyata ce, na ci dabinonta, kuma ba ni da ƙarfin sake sauka da jakunkunan nan cike. Na durƙusa a kan kafet ina zare kaskona ɗaya bayan ɗaya daga gidajensu, matan suna karɓar kwalayen suna yabawa. Na zuba su tsirara a jaka. Duk hanyar Lyon ina jin su suna karo da juna a ƙarƙashin kujera, ban ko sunkuya na gyara su ba.

Da na shiga gida matata ta dubi jakar, ta dubi fuskata, ta je ta ɗora ruwan zafi. Na bi ta kicin na gaya mata abin da Hajiya ta ce. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Kowace mace ta sani, Malam."

Na ɗaga murya, abin da ban saba ba. Na ce ta bar ni na ƙi aikin dindindin, ta zauna tana naɗe mini kwali wata da watanni, kalma ɗaya ta gagare ta? Ta bari na gama. Ta ce, "Tun da ka kawo ni ƙasar nan ban taɓa ganin ka dawo gida kana sauri ba sai da ka fara wannan aikin. Kana waƙa a kan teburin nan. Na yi ta cewa gobe zan faɗa maka."

Ranar Litinin na koma sito na nemi shugaban. Ya ce gurbin an ba wani tuni, amma in ina so za a ci gaba da kirana mako-mako. Na ce ina so. Ba mu sake tayar da zancen ba ni da matata, ban kuma sake jona ƙarfen dalma ba. Har yau in na yi wani abu ta ce ya yi kyau, sai in tsaya ina kallon fuskarta, ban san ko in yarda ba.