Mai Rinin Ɗakin Gwaji

Kafin masu shara su gama goge baranda, ta riga ta buɗe ɗakin gwaji da ke can ƙuryar asibiti, ta rataye gyalenta, ta zura farar riga. Kwalaben fitsari na jere suna jiranta, abin da kowa ke miƙowa yana kau da kai. Ita kuwa hannu bibbiyu take karɓa. Sai ta sa a injin da ke wulwula shi har lakarsa ta kwanta, ta shafa a siririn gilashi, ta tsoma a shuɗin rini, ta ɗauraye, ta tsoma a mai launin ruwan lemo, sannan kore. Shi ya sa muke kiranta Mai Rini. Rinin nan ne ke fito da ƙwayoyin jikin da mafitsara ta zubar, har a gane lafiyayyu da masu ciwon daji a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Abu ɗaya ya daɗe yana damunta: ba ta ganin fuskokin masu kwalaben. Takan tare likitan sashen a hanya, ta ce, "Likita, mutumin nan namu na makon jiya fa?" Wani lokaci ya ce an yi aiki, da sauƙi. Wani lokaci ya girgiza kai, ita kuma ta wuni ba ta taɓa abincinta ba.

Wata rana aka kawo fitsarin wani dattijo mai fenti. Fitsarin ya daɗe a hanya, ƙwayoyin duk sun lalace. Da ta rubuta cewa bai karantu ba, babu mai ganin laifinta. Amma a gefen gilashin ta hango wata ƙwaya mai ƙatuwar tsakiya, baƙa ƙirin, gefenta a yamutse. Ta sake dubanta da kyau. Ta fito da kanta tana cigiya a layin masu jira, har ta sami 'yarsa.

"'Yata, ki sake kawo mana wani. Ban da na farkon tashi daga barci, kuma da ya yi ki taho."

"Wallahi Inna, Baba ya gaji da mu. Ya ce tun yana yaro yake fitsarin jini, tsargiya ce kawai."

"Ki ce masa wata tsohuwa ce ta roƙe shi don Allah."

Washegari aka kawo. Ta rina, ta duba, ta kira likita ya duba, suka dubi juna. Aka leƙa mafitsarar da na'ura, aka tarar da ƙari bai yi jijiya ba tukuna, aka cire.

Shekaru suka wuce ba ta ji ɗuriyarsa ba. Sai ranar da muke yi mata sallamar barin aiki, bayan yanar ido ta fara dushe mata gani, ga wani dattijo ya shigo, 'yarsa na biye da shi da goyo.

"Ina tsohuwar da ta matsa mini?"

Aka nuna ta. Ya dubi kwanonin launi a kan tebur, ya ce, "Hajiya, ashe sana'armu ɗaya! Ni ina shafa wa bango, ke kina shafa wa fitsari."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Ita kuwa ta matso kusa da shi sosai saboda idon, ta ƙura masa ido kamar mai haddace fuskarsa. "Malam, tsaya in gan ka da kyau," in ji ta. "Da yawa na so in gani, ban samu ba." Ta karɓi jikarsa ta rungume.

Ke ce, Mai Rini, wadda ba ta taɓa ƙyamar abin da aka miƙo mata ba. Ke ce mai duba gilashi har gefensa. Kin koya mana aikin, muna yi, kuma launin yana fita. Amma idan wani abu ya shige mana duhu, har yanzu mukan juya mu ce, "Yaya, zo ki gani," sai mu tarar ba kowa. Autarki ta gaya mana kina nan kina shiri da sassafe, sai kin kai bakin ƙofa ki tuna, ki koma ki zauna. Mu ma haka muke kewarki.

Mun gode. Allah ya buɗe idanun nan, ya saka miki da alheri. Ku kuma 'yan'uwa ma'aikata, ku yi koyi da ita. Duk kwalbar da ta zo hannunku, ku tuna akwai wani a gida yana jiran amsa, iyalinsa na kallon fuskarsa, yana ce musu ba komai ba ne.