Manyan Baki

Dattijon ya rako 'yarsa ganin jami'a, amma idonsa ya maƙale a kan wata mata a ƙofar zauren taro. Gajeriya ce, tabarau a goshi, waya biyu a hannu, tana tafiya kamar ƙasa na ƙona ta. An ce ita ce shugabar yaɗa labarai.

Saura minti biyar motocin baƙi su iso, masu kyamara sun jeru, sai ta dubi ƙyallen da aka rataye, ta dafe ƙirji. An rubuta: "Sannu da zuwa, manyan baki."

"Na shiga uku! Baƙi na ce, ba baki ba! Ina ƙugiyar?"

Ba ta jira kowa ba. Ta tuɓe takalma, ta haye tebur, ta zaro alƙalami mai kauri, ga ta nan tana ɗora wa harafin ƙugiyarsa, harshe a waje kamar 'yar firamare.

Dattijo na dariya har hularsa na zamewa. A ransa yana cewa, wannan ta daɗe tana rubuta jawaban da ake tafa wa wasu. Ko katin biki aka kawo mata, sai ta gyara kafin ta yi murna.

"Sannu, 'yata, kin fitar da su kunya!"

Ta diro tana haki. "Baba, aikin ke nan. In an yi daidai, ba wanda ya san da ni."

Ya juya zai ci gaba da yi wa 'yarsa zancen likitanci. Ko kallonsa ba ta yi.

"Baba, me ake karantawa a zama ita?"