Na Yabi Takardar da Ban Iya Karantawa Ba

Kafin in shiga hannun hukuma, ni ɗan canji ne a bakin titin unguwar Nima. Makarantar boko kuwa, na leƙa ta, ta leƙo ni, muka rabu ba faɗa. Abin da Allah ya ba ni shi ne fuska. Ina da irin fuskar da mutum zai gani ya ba ni ajiyar makullin ɗakinsa. Da ita na fara cuta: in zare ɗaya daga damin sidi, kuɗin ƙasarmu, in miƙa wa baƙo sauran ina yi masa addu'ar sauka lafiya. Ban taɓa yarda da kowa ba, don na san abin da ni kaina nake yi.

Da furfura ta fito, canji ya koma cikin waya, muka zauna muna korar ƙuda. Sai wani da ake kira Injiniya, mai ofis a unguwar Kokomlemle, ya neme ni. Ya ce ya ƙera manhajar canjin kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet, amma ba mutum ne zai riƙa taɓa ta ba. Yanzu 'yan kasuwa suna da ɗan aike na kwamfuta, wanda ake ce wa AI. Shi ke karanta takardar bayanin manhaja, ya bi abin da ta ce, ya canza wa mai shi kuɗi. Abin da Injiniya yake so shi ne dattijon canji ya fito ya ce ya duba takardar, ta yi, don mutanen Zango su saki jiki.

Na ce ya karanta mini takardar, ya fassara. Ina ji, hancina ya fara ɗauko warin gida. Yadda kuɗi ke shiga, an yi bayaninsa dalla-dalla har da misalai. In canjin ya tsaya a hanya, ina kuɗin za su koma? Takardar ba ta faɗa ba. Ladan manhaja an ce "kaɗan ne". An ce ɗan aiken ya ba ta izinin taɓa asusu, amma ba a faɗi iyakar izinin ba, balle yadda ake janye shi. Na tambayi Injiniya. Ya yi dariya ya ce, "Baba, kai dai sa farar riga."

A nan ya kamata in ɗauki takalmina. Maimakon haka, ina cikin motar haya ta trotro na tura masa saƙon murya, na lissafa masa ramukan da na ji, na ce rufe baki irin wannan ya fi abin da ya yi mini tayi tsada. Ya ƙara kuɗin. Aka ɗauke ni bidiyo da tabarau na aro, ina cewa na karanta takardar layi-layi, ban ga aibi ba.

Hajiya Lantana maƙwabciyata ce a unguwar Maamobi, tana da shagon atamfa da leshi. 'Yarta ta haɗa mata irin wannan ɗan aike don biyan masu turo mata kaya daga waje. Wata safiya ta tare ni a bakin lungu. Ta ce ta ga bidiyona, ta so ta biya ta manhajar Injiniya, amma abin nan na kwamfuta ya tsaya, ya ce takardar ba ta bayyana iyakar izini ba, sai ta amince kafin ya ci gaba. Jarin shagon gaba ɗaya ne a ciki. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Malam, yaushe ka koyi Turanci? Ba kai ne kake kawo wa 'yata takardar wuta ta karanta maka ba?"

Na ce ai karatun kuɗi daban ne. Ta ce in faɗa mata tsakanina da Allah ko takardar ta yi. Na dafa ƙirji na ce ta yi. A gabana ta kira 'yarta ta ce ta danna amincewa.

Ba a jima ba aka wayi gari asusun mutane fayau, har da nata. Aka kama Injiniya zai tsallaka iyaka, aka zo aka ɗauke ni ina tsakiyar shan koko. A kotu na yi abin da na iya: na ce ni jahili ne, ko sunana da ƙyar nake rubutawa, an yaudare ni. Na kusa tsira. Sai aka kunna saƙon muryata daga wayar Injiniya, kowa ya ji ni ina ƙirga ramukan takardar tiryan-tiryan kamar malamin jami'a. Iyakar ranar da aka taɓa yaba wa basirata ke nan, kuma da ita aka ɗaure ni.

Da na fito, na tuba ga Allah, na nemi Hajiya. Shagon ya koma hannun wani, ita tana tallar 'yan yadi a kan tebur a unguwar Madina. Na durƙusa na roƙe ta. Ta ba ni ruwa na sha, ta ce yafiya kuwa in ba ta lokaci. Har yau ina jira.

Ku matasa, kada ku sayar da shaidarku a kan abin da kuka san ruɓaɓɓe ne. Kuma duk takardar da ta iya bayanin shigar kuɗi ta yi gum a kan fitarsu, ku ajiye ta. In na'urarku ta tsaya ta ce ba ta gane ba, ku tsaya tare da ita, ko da dattijo mai kama da ni ya rantse muku. Musamman ma in ya rantse.