Yatsan Malam Garba a Bangon Ɗakina

Wata Alhamis bayan an gama yankan dawa, ina 'yar shekara takwas, Baba yana yaɓen zaurenmu a Kiru, ni kuma ina jido masa ruwa a ƙaramin tulu. Magini ne. Da ya shafe bangon da jar ƙasa sai ya shiga zana shi da yatsu tun yana ɗanye, yana faɗa mini sunayen zanen: wannan ƙafar kaza, wannan igiya, wancan idon zabo. Yana tafiya sallar la'asar na danna tafin hannuna a tsakiyar aikin, na gudu bayan rumbu. Bai dake ni ba. Kewaye hannun ya yi da zane, ya ce, "Bango ya samu mai shi."

Mijina Malam Garba, Allah ya jiƙansa, shi ma magini ne, shi ya zana ɗakin da nake ciki. Bara ya rasu. Bana damina ta tsaga bangon, ɗana Sani ya ce zai rushe ɗakin ya yi mini na bulo.

Sai ga 'yarsa Hadiza, wadda ke rubuta mini wannan don ban yi karatu ba, ta dawo daga kwaleji da takarda cike da kalmomin Turanci na bayanin zane. An ce kowa ya zaɓi zane ya siffanta shi, ta zaɓi bangona. Tana karantowa tana fassara mini: akwai kalmar layi mai lanƙwasa, da ta haske da inuwa, har da ta kaushin abu.

Na ce, "Akwai ta wurin da yatsan mutum ya zame don matarsa ta ba shi dariya?"

Ta duba, ta ce, "Kaka, babu."

"Bokonku da saura. Rubuta da Hausa."

Na nuna mata wurin, dab da ƙofa, kuka ya ƙwace mini. Da ta karanta wa ubanta abin da ta rubuta, ya shigo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Inna, wannan ɓangaren za a bar shi."

Zauren Kiru ya daɗe da rushewa, ya tafi da hannuna, babu wanda ya ɗauki hotonsa. Yau yara suna da waya, suna da kalmomi. Ni kuwa kowace safiya nakan sa yatsana a gurbin na Malam Garba.