Cokali a Gindin Tasa

A da, mai renon yaro a gidanmu na Karakkai yarinya ce irina, 'yar shekara tara da zanen goyo. Yanzu a Gusau gida guda ake warewa don reno, uwa ta ajiye ɗanta da safe ta wuce aiki. A irin wannan gida, a Tudun Wada, na sake jin ƙarar cokali a gindin tasa, ƙarar da na daɗe ina gudun tunawa.

Jikana na je ɗaukowa. Malamar renon ta ja ni gefe ta ce, "Hajiya, tsaya ki ga wani abu." Ta zagaya bayansa, ta kira sunansa sau uku, ta buga cokali a tasa. Yara duka suka waiwayo. Shi yana zaune yana jera murafen kwalba.

"Shekara biyu da rabi, ko Mama bai taɓa cewa ba. Ni ba likita ba ce, amma a kai shi a duba. Na fara yi wa mamansa maganar, sai ta sunkuyar da kai. Ke ce babba."

Ka ga, yaron da na goya ina ƙarama ɗan fari ne a wurin matar yayana. Bafulatana ce daga rugar bayan gari, kuma kunyar ɗan fari a wurinsu ta fi tamu tsanani. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. Wata rana da damina, manya sun tafi gona, ana yayyafi, ɗakinta na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da man shanu, ta yafito ni da hannu. Ta sa na zaunar da shi, ta koma bayansa ta buga cokali a tasa. Bai juyo ba. Ta sake bugawa, ta sake.

"Ki gaya wa Inna," in ji ta. "Kada ki ce ni na aiko ki."

Na tarar da Inna, mahaifiyarmu, tana tankaɗe. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke mi kika sani? Ubanai ma sai da ya shekara huɗu ya buɗe baki. Nauyin baki ne na gado."

Maganar ta mutu a nan. Uwar ta sani amma ba ta da bakin faɗa, ni ina da baki amma ba a jin yarinya. Yaron ya girma yana bin shanu, bai taɓa kiran kowa ba.

Aure ya kai ni Kumasi da Hartum da Jidda. Na ga mata suna tsayawa gaban likita suna lissafa abin da ɗansu ya kasa yi, ba kwana-kwana. Har tafinta na yi wa wasunsu. Amma a cikin keken da ya maido mu gida daga gidan renon nan, jikana a cinyata, na rasa Hausar da zan yi wa surukata. Ma'aikaciyar gwamnati ce, amma yaron ɗanta ne na fari, kuma sunan marigayi mijina ya ci, don haka a gabana ba ta kiransa, sai dai ta ce "shi". In na yi magana, za ta ɗauka aikinta nake zargi. In na yi shiru, na zama Inna. Kwana uku ina shiga ɗakinta ina fitowa da gaisuwa kawai.

Rana ta huɗu na shiga da tasa da cokali, na tura ƙofa. Kafin in buga ta riƙe hannuna.

"Na sani, Hajiya. Wata shida ina jiran ki fara."

Mun kai shi asibiti. Kunnensa lafiya lau, in ji su, magana ce za a koya masa a hankali, kuma ba wanda ya yi mana alkawarin iyakar inda zai kai. Sun ce a yawaita kiran sunansa ana kallon idonsa.

Sunan mijina ne, wanda ni kaina ban taɓa furtawa ba yana raye. Yanzu surukata tana kiransa da ƙarfi a tsakar gida, ina zaune, kuma ni na ce ta kira. A gidan nan an daina yi wa ɗan fari kunya.